Horar da ma'aikata kan 'yan kutse masu yaudara: me yake hanawa, me ya gagare shi?

A watan Afrilun 2025 kamfanin Marks & Spencer na Birtaniya, mai manyan kantunan tufafi da abinci, ya wayi gari na'urorinsa sun rikice. Ya dakatar da ciniki ta intanet na tsawon makonni, daga baya kuma ya ƙiyasta cewa abin zai ci masa kusan fam miliyan 300 daga ribarsa. Da shugaban hukumar gudanarwar kamfanin, Archie Norman, ya bayyana gaban 'yan majalisa, ya ce mafarin lamarin shigar burtu ce: wani ya yi kamar shi mutum ne da aka sani, aka yarda da shi, aka buɗe masa ƙofa.

Irin wannan labari ya sa ma'aikatu da kamfanoni suna ta rige-rigen tura ma'aikatansu horo, wasu dokoki ma sun wajabta shi. A lokaci guda kuma sai ga binciken jami'o'i yana cewa horon da aka fi yi bai cika rage komai ba. Ma'aikacin da aka tilasta wa kallon bidiyon minti talatin, da manajan da ya sa hannu a kan kuɗin bidiyon, duk suna da dalilin tambaya: wanne za a ɗauka?

Mene ne kutse ta hanyar yaudara

Ɗan kutse yana da hanya biyu zuwa cikin na'urorin ma'aikata. Ko dai ya nemo ɓaraka a manhaja ya bi ta nan, ko kuma ya sa wanda ke riƙe da mabuɗi ya miƙo masa da hannunsa. Hanya ta biyu ita ce kutse ta yaudara. Abin da ake nema yakan kasance ɗaya daga cikin uku: kalmar sirri, ko a sa mutum ya buɗe fayil mai ɗauke da muguwar manhaja, ko a sa shi ya tura kuɗi.

Mafi yawa tana zuwa ne ta saƙon tarko a imel, wanda ke ɗauke da likau zuwa shafin bogi mai kama da na banki ko na ofis. Akwai saƙon da ake watsa wa dubban mutane, duk wanda ya faɗa shi ke nan. Akwai kuma wanda ake ɗinka wa mutum ɗaya daidai jikinsa, bayan an bibiyi sunansa da muƙaminsa da sunan maigidansa a LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata, da shafin kamfanin. Irin wannan yaudara tana zuwa ta saƙon tes, ta WhatsApp, ta kiran waya, har ta mutum da ƙafarsa, sanye da rigar masu gyara, yana bin bayan ma'aikaci ya shige ƙofar da ake buɗewa da kati.

Nau'in da ya fi cin kuɗi shi ne wanda ake kwaikwayon imel ɗin shugaba ko na ɗan kwangila don a karkatar da biyan kuɗi. Hukumar FBI ta Amurka ta ce ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa kan wannan nau'i kaɗai a 2023 sun kai asarar kusan dala biliyan 2.9. Kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai yake ci ba. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lithuania, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani da sunan Quanta Computer, kamfanin Taiwan da ke sayar wa Google da Facebook kayan aiki, ya riƙa aika musu takardun neman biya na bogi. Sun biya shi sama da dala miliyan 100 kafin asirinsa ya tonu, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara biyar a 2019.

Abin da mayaudari ke taɓawa

Mutane da yawa suna ɗauka wawa ko makwaɗaici ne kawai ke faɗawa. Bayanan hare-haren da aka bincika ba su goyi bayan haka ba. Abin da mayaudari ke amfani da shi su ne halayen da ake yabon ma'aikaci a kansu: bin umarnin na gaba, saurin amsa saƙo, taimakon abokin aiki da ya maƙale, da riƙe sirrin ofis.

A ranar 15 ga Yulin 2020 an ƙwace shafukan Twitter na Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates da Elon Musk, aka yi amfani da su wajen damfarar mutane kuɗin bitcoin. Waɗanda suka yi aikin, ciki har da wani ɗan shekara 17 daga Florida, sun fara ne da kiran ma'aikatan Twitter a waya suna cewa daga sashen kwamfuta suke, za su gyara matsalar shiga na'urar ofis daga gida. Lokacin annobar korona ne, ma'aikata na aiki daga gidajensu, irin wannan matsala kuwa kullum ana fama da ita. Kiran ya yi daidai da abin da mutum yake tsammani.

A Satumban 2023 aka juya abin. Maimakon a kira ma'aikaci da sunan sashen kwamfuta, sai aka kira sashen kwamfuta na kamfanin otal-otal na MGM Resorts da sunan ma'aikaci, aka nemi a sake masa bayanan shiga. Kamfanin ya ce harin ya jawo masa asarar kusan dala miliyan 100. Aikin wanda ya ɗauki wayar ke nan: ya taimaki wanda ya kasa shiga, kuma yawanci ana auna ƙwazon irin waɗannan ma'aikata da saurin warware matsala.

Gajiya ma makami ce. A harin da aka kai wa Uber a Satumban 2022, ɗan kutsen ya riga ya samu kalmar sirrin wani ɗan kwangila, saura mataki na biyu na tantance mai shiga, wato amincewar da mai asusun yake latsawa a wayarsa. Sai ya riƙa turo buƙatar amincewa ba ƙaƙƙautawa har mutumin ya latsa.

Rahoton kamfanin Verizon na 2024 ya ce kashi 68 cikin ɗari na kutsen da ya bincika akwai hannun mutumin da bai yi niyyar cuta ba, wato wanda aka yaudara ko wanda ya yi kuskure. Rahoton ya kuma nuna cewa daga buɗe saƙon tarko zuwa shigar da bayanai, yawanci ba ya kai minti ɗaya. Wannan adadi na biyu ya fi muhimmanci ga mai tsara horo, domin yana nufin ana yanke shawarar ne cikin hanzari, a tsakiyar wani aiki, ba a lokacin da mutum ya natsu yana tuno darasi ba.

Lokacin da gani ya daina korar ji

Shekara da shekaru ana koya wa ma'aikata alamomi: duba kuskuren rubutu, duba gaisuwar da ba ta ambaci sunanka ba, idan ka yi shakka ka nemi jin muryar mutumin. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun raunana waɗannan alamomi. Yanzu mayaudari na iya samar da wasiƙa mai tsabta a harshen da bai iya ba, ya kuma kwaikwayi muryar mutum daga ɗan guntun bidiyonsa.

A farkon 2024 wani ma'aikacin kuɗi a ofishin Hong Kong na kamfanin injiniyoyi na Arup ya samu saƙo da sunan babban jami'in kuɗi na kamfanin, kan wani ciniki na sirri. Ya yi shakka, kamar yadda horo ya ce ya yi. Sai aka gayyace shi taro ta bidiyo, ya ga fuskar jami'in da ta wasu abokan aiki, ya ji muryoyinsu, hankalinsa ya kwanta. Ya tura dalar Hong Kong miliyan 200, kimanin dalar Amurka miliyan 25, a turawa 15. Duk fuskokin da ya gani na bogi ne.

A cikin shekarar aka gwada irin wannan a kamfanin motoci na Ferrari, da muryar shugabansa Benedetto Vigna. Rahotanni sun ce jami'in da aka kira ya tambayi mai maganar sunan littafin da shugaban ya ba shi shawarar karantawa kwanakin baya, nan take aka katse kiran. Bambancin labaran biyu ba a kaifin ido ko kunne yake ba. Na Arup ya tabbatar da saƙon ta hanyar da mayaudarin ya shimfiɗa masa. Na Ferrari ya fito da gwajin da mayaudarin bai shirya masa ba.

Yadda ake horon, da abin da doka ta ce

Horon da ya fi yawa iri biyu ne. Na farko darasin shekara-shekara, bidiyo da 'yan tambayoyi a ƙarshe. Na biyu gwajin tarko: ma'aikatar da kanta take aika wa ma'aikatanta saƙon bogi, wanda ya latsa sai shafin faɗakarwa ya buɗe masa, sunansa kuma ya shiga lissafi.

Wani ɓangare na yaɗuwar wannan tsari daga ƙa'idoji yake. Dokar NIS2 ta Tarayyar Turai, wadda aka ba ƙasashe zuwa Oktoban 2024 su shigar cikin dokokinsu, ta sa horon tsaron intanet cikin matakan da ake buƙata, har ga shugabannin kamfani. Ƙa'idar PCI DSS, wadda ta shafi masu mu'amala da bayanan katin banki, ta buƙaci a wayar da kan ma'aikata aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da mai duba bin ƙa'ida zai iya gani a takarda shi ne ko an yi horon, da mutum nawa suka kammala. Ko hali ya canza, wannan takarda ba ta nunawa.

Masu goyon baya da masu suka

Masu goyon bayan gwajin tarko, ciki har da kamfanonin da ke sayar da shi, suna cewa mutum ba ya koyon iyo a bakin rafi. Wanda ya taɓa faɗawa gwaji ya ji zafin abin ba tare da asara ba, zai fi tunawa. Suna nuna alƙaluman da ke cewa yawan masu latsawa yana raguwa bayan watanni na gwaji, kuma suna cewa ba tare da gwaji ba shugabanni ba su da abin auna haɗarin da suke ciki.

Masu suka suna kafa hujja da manyan bincike biyu. Na farko masu bincike a jami'ar ETH Zurich ta Switzerland ne suka wallafa a 2022, bayan bibiyar ma'aikata sama da 14,000 a wani kamfani na tsawon wata 15. Sun gano cewa shafin faɗakarwar da ke buɗewa bayan mutum ya faɗa gwaji bai sa ya fi tsira a gaba ba, a wasu lokuta ma abin ya ƙaru. Na biyu an yi shi ne kan ma'aikatan asibitocin jami'ar California da ke San Diego, su kusan 19,500, cikin wata takwas. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin wanda ya yi darasin shekara kwanan nan da wanda ya daɗe bai yi ba. Shafin faɗakarwa ya rage faɗawa da kusan kashi 2 cikin ɗari kawai, kuma kashi uku cikin huɗu na waɗanda shafin ya buɗe wa ba su wuce minti ɗaya a kansa ba. Zuwa wata na takwas, fiye da rabin ma'aikatan sun latsa aƙalla sau ɗaya.

Wani sakamako a binciken San Diego ya taɓa tushen muhawarar. Saƙon da ya ce a sabunta kalmar sirri bai kama ko kashi 2 cikin ɗari ba, amma wanda ya ce an canza tsarin hutu ya kama kusan kashi 30. Ke nan adadin masu latsawa ya fi nuna gwanintar mai rubuta tarkon fiye da wayon ma'aikata. Duk ma'aikatar da ke son adadinta ya yi kyau tana iya sauƙaƙa gwajin, mayaudari na gaske kuwa ba zai sauƙaƙa ba.

Sai batun amana. A Disambar 2020 kamfanin GoDaddy ya aika wa ma'aikatansa saƙon cewa za a ba su kyautar dala 650 ta ƙarshen shekara, daga baya waɗanda suka cike aka ce musu sun faɗi gwaji. Kamfanin ya nemi afuwa. A 2021 kamfanin jiragen ƙasa na West Midlands Trains a Ingila ya yi makamancin haka ga ma'aikata kusan 2,500, da alƙawarin tukuicin aikin da suka yi a lokacin korona, ƙungiyar ƙwadago ta yi tir da shi. Kamfanin ya kare kansa da cewa irin saƙon da 'yan damfara ke aikawa ke nan, kuma wannan gaskiya ne. Amma ma'aikacin da sashen tsaro ya taɓa kunyata shi, da wuya ya garzaya wurinsu ranar da ya yi kuskure na gaske. Cibiyar tsaron intanet ta gwamnatin Birtaniya, NCSC, ta daɗe tana gargaɗi kan hukunta wanda ya latsa, saboda wannan dalili.

Ya kamata a lura da iyakar binciken biyu. Abin da suka auna shi ne darasin shekara da shafin faɗakarwa. Ba su ce koyar da mutane ba shi da amfani baki ɗaya ba. Binciken Zurich ma ya gano cewa idan aka sa wa ma'aikata maɓallin kai rahoto a akwatin imel, suna amfani da shi, kuma rahotanninsu suna tona sabon hari da wuri.

Inda ɓangarorin suka fi kusanta

A 2024 wani jami'in tsaro a Google, Matt Linton, ya kwatanta lamarin da atisayen gobara. Ya ce ba a ƙara yi wa mutane ba-zata da ƙararrawar ƙarya don a kama wanda ya ruɗe. Ana sanar da atisayen, kowa ya san ƙofar fita, sauran aikin kuma an bar wa tsarin ginin: ƙofofi masu faɗi da na'urorin kashe wuta. A fagen intanet, wannan yana nufin horo ya rage ɗora wa mutum nauyin gane kowace ƙarya, ya koya masa abin da zai yi ko bai gane ba.

Abu na farko shi ne tabbatarwa ta wata hanya daban. Duk buƙatar da ta shafi tura kuɗi, canza lambar asusun ɗan kwangila, sake kalmar sirri ko miƙa bayanan mutane, a ajiye wayar, a kira mutumin a lambar da ke cikin kundin ofis tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. Amfanin wannan ƙa'ida shi ne ba ruwanta da kyawun ƙaryar. Sai dai tana aiki ne kawai idan shugabanni sun yarda ta hau kansu. Ƙaramin akawu ba zai iya ce wa darakta "bari in tabbatar" ba idan ya san zai sha faɗa. Shi ya sa wasu ma'aikatu ke sa shugaban da kansa ya faɗa a bainar ma'aikata cewa ba zai taɓa neman biyan gaggawa a asirce ba, kuma duk wanda ya tsaya ya tabbatar ya yi daidai.

Na biyu shi ne kai rahoto da wuri, musamman bayan an riga an latsa. Idan aka sanar cikin mintuna, ana iya rufe asusu, a goge saƙon daga akwatin sauran ma'aikata, a kira banki ya tsayar da kuɗi. Bayan kwana biyu yawancin waɗannan ƙofofi sun rufe.

Na uku ba horo ba ne, gini ne. A Yulin 2022 an aika wa ma'aikatan kamfanin tsaron intanet na Cloudflare aƙalla 76 saƙon tes na tarko, uku suka shigar da kalmar sirrinsu a shafin bogi. Ba a samu shiga ba, domin kamfanin yana amfani da makullin tsaro, wata 'yar na'ura da ake soka wa kwamfuta, wadda ba ta amsa wa shafin da ba na gaskiya ba. Irin wannan hari ya yi nasara a kamfanin Twilio a lokacin. Cloudflare ya ce bai hukunta mutum ukun ba. Google ma ya bayyana a 2018 cewa tun da ya wajabta makullin ga ma'aikatansa sama da 85,000 bai samu tabbacin an ƙwace asusun aiki ko ɗaya ta wannan hanya ba. Makullin ba ya hana akawu tura kuɗi da hannunsa, nan kuma sai dokar mutum biyu su sa hannu kafin babban biya ya fita.

Horon da ya dace da wannan tsari gajere ne, yana maimaituwa, kuma ya bambanta da aiki. Mai biyan kuɗi, mai karɓar baƙi, mai ɗaukar ma'aikata da ke buɗe takardun baƙi duk yini, da mai sake kalmar sirri, kowanne da irin ƙaryar da za a kawo masa. Ma'aunin nasara kuma yana komawa kan mutum nawa suka kai rahoto da minti nawa suka ɗauka.

Abin da zai shafi ƙaramin ma'aikaci da abokin ciniki

Ma'aikaci zai ga aiki ya ɗan ƙara nauyi. Wanda ya manta kalmar sirri zai iya jira a tantance shi ta bidiyo ko ta bakin maigidansa. Ɗan kwangilar da ya canza asusun banki zai ga biyansa ya yi jinkiri na kwanaki. Ƙananan kamfanoni da ba su da sashen tsaro ba za su iya sayen duk abin da manya ke saye ba, amma ƙa'idar sake kira da ta sa hannun mutum biyu ba sa buƙatar sayen komai.

Tambayar wa zai ɗauki asara tana nan a buɗe, kuma amsarta ta danganta da dokar ƙasa da yarjejeniyar aiki. A Scotland wani kamfanin wallafa ya kai ma'aikaciyarsa kotu yana neman ta biya kusan fam 108,000, bayan ta tura kuɗi bisa imel ɗin da aka kwaikwayi shugabarta. A 2019 kotu ta ƙi ɗora mata biyan. Duk da haka ta riga ta rasa aikinta. Takardar da ke nuna cewa mutum ya kammala horo tana iya zama kariya ga ma'aikata a gaban hukuma, tana kuma iya zama hujja a kan ma'aikacin ranar da abu ya ɓaci. Don haka yana da kyau ma'aikaci ya san abin da aka rubuta a ƙa'idar ofishinsu game da tabbatar da biya da kai rahoto, ya nemi a rubuta idan babu.

Abokan ciniki su ne na ƙarshe a layin. Idan aka saci sunaye da lambobin waya da tarihin sayayya daga kamfani, waɗannan bayanai su ne kayan aikin yaudara ta gaba, wadda za a kira mutum a gidansa ana ambata ainihin abin da ya saya. Bayan harin Marks & Spencer, kamfanin ya tabbatar an ɗauki wasu bayanan abokan cinikinsa, ya kuma gargaɗe su da su yi hattara da kira da saƙonnin da za su zo da sunansa.